Waiwaye: In Yaron Bai Mutu Ba, Me Uwar Ta Rama?

Duk wanda ya yi ƙuruciya ko samartaka a kudancin Kano daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar na 1990 ya san fim kan daɗe a hanya kafin ya iso gare mu. Sai ya gama tashensa a Amurka ko Indiya, ya shigo birni, an kwafe shi an sake kwafewa, sannan wani direba ko ɗan tireda ya sako kaset ɗin cikin kayansa ya sauka da shi a Kwanar Dangora. Daga nan sai ya shiga zagaye: yau Kiru, jibi Yako, mako mai zuwa Kofa da Bebeji da Tiga, ya gangara Tudun Wada, ya keta dajin Falgore ya kai Doguwa da Riruwai. Kafin ya zo hannunmu launinsa ya koɗe, fuskokin mutane sun yi dishi-dishi, wani farin layi na ta rawa a ƙasan gilashin talabijin. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Mutanen birni na da El Dorado da Plaza da Orion da Marhaba. Mu namu zagayen zana ne ko na langa-langa, da bencina, da talabijin ɗaya bisa tebur, da janareta a bayan danga yana ta ƙugi.

Za ku tuna ɗan allon nan da ake jinginewa a bakin ƙofa, an rubuta da alli: Indiya, Canis, Amurka. Na Indiya na kowa da kowa ne, har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasansu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Na Canis na yara ne masu son koyon tsalle da naushi. Fim ɗin ban tsoro kuwa sai dare ya yi nisa, bayan mai gidan kallo ya tashi da tocila ya bi benci benci ya fitar da ƙananan yara. Kasuwar ta fi ci da kaka, lokacin da shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa suka shiga buhu, saurayi ya sami 'yan kuɗin ƙwadagonsa a aljihu, hunturu kuma ya fara sa mutane matsowa kusa da juna.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne abin da kan biyo bayan kallon. Da an kashe janareta duhu ya rufe gari, ba mai yarda ya kama hanya shi kaɗai, ko da kuwa shi ne ya fi kowa cika baki ɗazu. Sai a taru a teburin mai shayi in bai tashi ba, ko a yi ayari ana raka juna gida gida, na nesa ya kwana a zauren abokinsa. A wannan zama da wannan tafiya ake yanke wa fim hukunci. Kuma cikin duk hukunce-hukuncen da muka yanke, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kashi na biyu na wani fim ɗin Amurka mai suna Friday the 13th.

Bari in tuna muku na farkon, wanda aka yi a 1980. Wasu samari da 'yan mata ne suka je gyara wani sansanin hutun yara a bakin tafki cikin daji. Sai a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, wannan da wuƙa, wancan da gatari, wani da kibiya, ba a nuna mana fuskar mai kisan. Kowa a benci yana da wanda yake zargi. Sai can ƙarshe ga wata mata mai manyan shekaru, mai sakin fuska, da ka gan ta ka ce agaji ta kawo. Ashe ita ce. Ta taɓa yin aikin girki a sansanin, kuma ɗanta Jason ya nutse a tafkin a 1957, a lokacin da waɗanda aka ba amanar kula da yara suka shagala da sha'anin gabansu. Yarinya ɗaya ce ta rage, Alice, ita ta fille kan matar da adda. Gari ya waye, tana kwance cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa, kiɗa ya yi sanyi, mun fara laluben takalmanmu, sai ga wani abu mai siffar yaro ya ɓullo daga ƙarƙashin ruwa ya fizge ta. A nan ne benci ke kifewa da mutane.

Turawan da suka shirya shi ba su san da zamanmu ba, amma sun taɓo mana wuri mai ciwo. Mu mutanen bakin ruwa ne sababbi. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ga kuma ta Bagauda kusa da ita. Mutanen da iyayensu suka saba da kogin da ke janyewa da rani suka wayi gari da ruwa mai zurfi a bayan gari, wanda ba ya ƙafewa. Ruwan ya kawo kifi da noman rani da arziki, ya kuma kawo fargaba. Babu uwar da ba ta ja wa ɗanta kunne kan zuwa dam ba, babu kuma garin da ba a taɓa jin labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Saboda haka da matar nan ta fara maganar ɗanta, sai gidan kallo ya yi tsit. Ba wanda ya ce ta kyauta, Allah Ya kiyaye. Amma kowa ya gane daga inda haukarta ta taso. An ci amana, uwa ta zauce, bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba suka biya bashin da ba su ci ba. A hanyar gida daren nan, maganar amana aka fi yi, da tambayar wa ke da alhakin yaro in an bar shi hannun wani.

Sai aka ce akwai na biyu. A Amurka shekara ɗaya ce tsakaninsu, an fito da shi a 1981, amma mu sai da muka yi ta naci ga mai gidan kallo kafin ya samo shi daga birni. Ranar da ya zo har bisa danga mutane suka hau.

Tun ba a je ko'ina ba aka kashe Alice, a cikin ɗakinta, cikin gari. Daga nan aka tsallaka shekara biyar, ga wasu sababbin samari da 'yan mata a bakin tafkin, aka kuma ɗauko kisa daga inda aka tsaya. Wannan karon mai kisan Jason ne da kansa, ya zama ƙato, ya rufe kansa da buhu mai huda ɗaya ta ido, yana zaune a wata bukka cikin daji inda ya ajiye kan mahaifiyarsa ya kewaye shi da kyandir. An yi ihu, an yi salati, wasu sun rufe ido da hula. Amma da aka fito, kafin mai shayi ya gama fifita wuta, sai wani ƙaramin cikinmu, wanda ba a cika jin bakinsa ba, ya dubi wansa ya ce, "To tsaya, Yaya. In yaron bai mutu ba, me uwar ta rama?"

Aka yi shiru, sannan aka kaure da gardama. Wani ya ƙara da cewa, in yana raye duk shekarun nan, wane irin ɗa ne zai laɓe a daji yana kallon uwarsa tana kukan mutuwarsa fiye da shekara ashirin, bai fito ya ce Inna ga ni ba? Wannan tambaya ta biyu ta fi ta farko cin rai, domin ta fito ne daga tarbiyyar da aka yi mana. Mun iya yarda da mutum ya tashi daga ƙarƙashin ruwa. Ɗan da zai bar mahaifiyarsa cikin wannan hali ne hankalinmu ya kasa ɗauka.

Masu kushe suka ce na biyu ɗumame ne kawai, tuwon jiya aka mayar bisa wuta aka karɓi kuɗinmu. Masu yabo suka ce ai sun amince da hakan, kuma kowa ya san akwai ranar da ɗumame ke fin tuwon dare daɗi. Hujjarsu ita ce yarinyar ƙarshe ta wannan karon, Ginny, wadda ta fi ta farko wayo. Da ta shiga bukkar ta ga abin da ke ciki, sai ta ɗauki rigar sanyin uwar ta sa, ta yi masa magana da muryar uwa, ƙaton nan ya durƙusa. Wannan wuri ya burge har masu kushe. Wani dattijo da ke zama da mu, direban babbar mota ne, ya ce a nan kaɗai masu fim ɗin suka faɗi gaskiya, don ba a taɓa yin gagararren da muryar uwarsa ba ta karya masa gwiwa.

Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda ba ruwansu da kyau ko muni, su so suke a tantance mene ne shi. Fatalwa ce? Aka ce fatalwa ba ta gina bukka. Mutanen ruwa ne suka ɗauke shi suka raine shi? Wannan ya sami magoya baya, musamman cikin masunta. 'Ya'yan mafarauta, waɗanda iyayensu suka san Falgore ciki da bai, suka ce tauri ya sha. Nan take aka tuna musu ai adda ta shige shi a kafaɗa kowa ya gani, wane irin tauri ne ƙarfe ke kamawa? Suka ce to layar ɓata ce da shi. Haka muka yi ta auna baƙon dodo da ma'aunin gida, kuma ko mun tashi ba mu daidaita ba, tsoron ya riga ya ragu, kowa ya iya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Abin da ba a yafe wa na biyu ba shi ne kashe Alice. Fina-finan Indiya sun koya mana doka guda: akta zai sha wuya awa uku, a ɗaure shi, a kashe masa uba, a raba shi da masoyiya, amma bos ne zai biya a ƙarshe. A ɗauki yarinyar da ta ga tashin hankali ta tsira da ƙyar, wadda muka yi ta yi wa addu'a daga benci, a bi ta har gida a kashe ta cikin 'yan mintuna don a buɗe sabon ciniki, wannan mun ɗauke shi cin amanar mai kallo. Har yau ina ganin mun yi gaskiya.

Kada in manta da mutumin da duk wannan gardama ta rataya a wuyansa, wato mai fassara. Kowane gidan kallo yana da nasa, galibi ɗan sakandare ne da ya zo hutu, ko wani da ya yi zaman Legas. Shi ke zama gaba yana juyowa yana gaya mana abin da aka ce. Inda Turancin ya yi masa sauri sai ya cike da nasa, wani lokaci nasa ya fi na masu fim ɗin tsari. In gardama ta yi zafi shi ake nema ya raba, shi kuma ya tsaya kan bakansa ko da ƙirƙira ya yi. Yaran yau da ke kallon fassarar Algaita suna dariya ba su san sana'ar ta daɗe ba, a bakin benci ta fara, ba a biyan mai yin ta sai dai a saya masa shayi.

Daga baya sauran sassan fim ɗin suka riƙa zuwa, ba ma bisa tsari ba, wani lokaci na huɗu ya riga na uku isowa. A na uku, na 1982, ya yar da buhu ya sami farin abin rufe fuskar nan mai ƙananan huji da duniya ta san shi da shi. A nan ne na fara lura da wani canji da ya dame ni, kuma shi ma yana cikin dalilan wannan rubutu. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Tsoro ya tafi. Gidan kallon da a da yakan yi tsit ya koma ana ƙirga gawa da ƙarfi, ana caca kan wa za a fara kashewa. Har aka kai ga in ƙaton ya ɗaga adda sai a yi masa tafi da fito, kamar shi ne aktan. Waɗanda ake kashewa ba wanda ya riƙe sunansu, ba wanda ya ce Allah sarki. Masu fim ɗin ma ba su ba su uwa ko uba ko wani buri da za a tausaya musu dominsa ba, an jera su ne don a yanka.

Ina ganin yaron da ya yi tambayar nan a teburin mai shayi wani abu yake karewa, ko da bai san sunansa ba. Yana nema ne a ce rai yana da daraja ko a cikin labarin ƙarya, a ce in an zubar da jini akwai abin da ya jawo, akwai mai kuka, akwai kuma ranar biya. Mai kallon da ya daina neman wannan ya yi asarar wani abu a zuciyarsa, kuma ba lallai ya ji fitarsa ba.

Ashe can Amurka ma masu kallo na ta nasu ja-in-ja, sai dai tasu muryar tana isa kunnen masu kuɗin. An kashe kimanin dala dubu 550 wajen shirya na farko, ya jawo kusan dala miliyan 60 a duniya. Wanda ya ga irin wannan riba ba zai bar dodo ya kwanta ba. A 1984 suka fito da na huɗu suka sa masa sunan babi na ƙarshe, suka kashe Jason kowa ya gani. Shekara na zagayowa ga na biyar, wani mutum daban a bayan abin rufe fuskar. Masu kallo suka ƙi, suka ce nasu suke so. A 1986 sai aka sa tsawa ta faɗa kabarinsa ya tashi. A 1989 aka kai shi birnin New York, daga baya har sararin samaniya, zuwa 2009 an yi guda 12. Haka ta faru da Halloween, wanda John Carpenter ya yi a 1978: da aka fito da na uku a 1982 babu mai kisan da aka saba da shi, Michael Myers, mutane suka juya baya, sai da aka dawo da shi a 1988. Wato laifin bai tsaya kan 'yan kasuwa kaɗai ba. Mai kallo ma yana da hannu, don abin da ya yi wa tafi shi za a ƙaro masa.

Mu tamu muryar ba ta ƙetare teku, amma tana da inda take aiki. Mai gidan kallo hayar kaset yake yi, ga kuɗin mai. In hukuncin daren jiya ya ce fim ba shi da kan gado, yau benci zai kwana ba kowa, gobe kaset ya kama hanyar gari na gaba, sau da yawa ma labarinsa ya riga shi isa ta bakin 'yan kasuwa da kwandastoci. Haka aka yi wa Nigahen na 1989, wanda ya biyo bayan Nagina na 1986, fim ɗin macijiyar nan da Sridevi ta fito a ciki. Na farkon an kalle shi har kaset ya fara cin zare, na biyun aka ce idanun ne kawai suka dawo. A Indiya ma bai yi kasuwar na farko ba.

Wannan horo ya yi mana rana da fina-finanmu na Hausa suka zo. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, sana'ar ta ginu ne kan na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata sun san inda ake yanke labari, daidai inda kishiya ta ɗaga kwanon abinci ko alƙali ya buɗe baki. Amma sun tarar da masu kallo da idonsu ya riga ya buɗe. Mun san bambancin labarin da ya yi tsawo don yana da abin faɗa da wanda aka ja da waƙa da tafiyar mota don ya cika kaset biyu. Da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, wasiƙun masu karatu suka ɗauki irin maganganun da muke yi a bakin titi suka sa su a takarda.

A nan dole a ba mata haƙƙinsu. Ba sa zuwa gidan kallo, kuma da wuya a ambace su in ana wannan tarihi. Amma da bidiyo ta shiga cikin kayan ɗakin amare, sai alƙalanci ya koma tsakar gida. Ɗakin amarya kan cika da maƙwabta da 'yan mata bayan la'asar, a kalla, a tashi ana tankaɗe ana tsefe fim ɗin zare zare. Kafin a ba yaro kuɗin hayar na biyu sai an aika gidan da suka riga gani an tambayo ko ya cancanta. In amsa ta dawo cewa ba komai ciki sai jan rai, mai shagon haya zai ga kaset ɗinsa na shan ƙura. Su kuma tambayoyinsu sun fi namu kaifi: wa ya shayar da jaririn nan duk kwanakin da aka ce an sace uwarsa, me ya hana matar nan zuwa gidansu ta faɗa?

In muka ƙara ja da baya za mu ga ba a gidan kallo muka fara sanin daɗin tsoro ba. A gaban kakanninmu muka fara, da dare, bayan an ci tuwo, don an hana tatsuniya da rana. Dodo yana haɗiye mutane, yana auren yarinyar da ta raina samarin garinsu, yana tsare rijiya. Amma tsohuwa ta san awon jikokinta. Tana kallon idanunmu a hasken aci-bal-bal, in ta ga abin ya yi yawa sai ta sassauta. Kuma ba ta taɓa tashi ta bar Dodo a tsaye ba. Sai an farke cikinsa waɗanda ya haɗiye sun fito, ko an gane kuskuren da ya jawo shi, sannan ta ce ƙurunƙus, mu kwanta a gefenta. Fim ɗin da ake shiryawa don a yi na biyu ba ya rufe labari, da gangan yake barin ƙofa a buɗe. Ina jin shi ya sa muke tsayawa gardama har sanyi ya kore mu. Aikin da tsohuwa ke yi mana ne muke yi wa junanmu.

Ba zan ce iyayenmu da malamanmu da suka yi ta faɗa da gidajen kallo ba su da hujja ba. Suna da ita. Irin waɗannan fina-finai cike suke da tsiraici, kuma ba kowane mai gidan kallo ke da kunyar tashi ya tura kaset gaba ko ya tsaya ya kare gilashin da jikinsa ba, ko da yake da yawa suna yi. An rasa sallar asuba saboda kallon dare, an rasa karatun allo, an saci kuɗin cefane. Lokacin da gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, gidajen kallo na cikin abin da aka ɗora mata sa wa ido, kuma iyaye da yawa a garuruwanmu sun yi hamdala. Abin da nake cewa kawai shi ne, a wancan zama, mai kyau da marar kyau duk a bainar jama'a suke. Yayanka na bayanka, maƙwabcinku na gefenka, in ka yi dariya a inda bai kamata ba akwai mai dungure maka kai.

Yau yawancin wuraren nan ƙwallo ake kallo a cikinsu, gardama ta koma kan Arsenal da Chelsea, ba laifi. Fim kuwa ya koma waya. Yaro zai kai wa masu turi 'yan kuɗinsa a cika masa, ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa, ya kalli abin da ko mu da muka ga Jason ba za mu iya tsayawa kallonsa ba. Fina-finan Saw kaɗai sun kai goma a 2023, kuma gwanintarsu ita ce nuna azaba dalla-dalla. In ya gama ba ayarin rakiya, ba mai shayi, ba wanda zai ji tambayarsa in ma ta zo masa. In ya faɗi ra'ayinsa, ga baƙin da bai sani ba yake faɗa, cikin kalma biyu, ya wuce na gaba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yanzu jinin gaske na shigowa ta hanyar da na ƙarya ke shigowa. Mu mutanen wannan yanki mun san shekarun da direbobi ke gudun keta Falgore in rana ta faɗi saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, har ta kai sojoji suka kafa wurin atisaye a dajin. Mun san yadda hoton gawar ɗan wani, mijin wata, ke yawo a WhatsApp tun kafin a sanar da iyalansa. Idon da ya saba ƙirga gawar fim yana tafi, ina tsoron ranar da zai kalli ta gaske bai ji komai ba. Ba na cewa fim ne ya kawo mana 'yan bindiga, wannan magana ce marar tushe, musabbabinsu daban ne kuma an san su. Ina magana ne kan mu masu kallo, da abin da ke saura a ƙirjinmu in an nuna mana wahalar wani. Uban da ya tarar da ɗansa na kallon irin wannan, ƙwace wayar ba ya wadatarwa, gobe zai ara ta abokinsa. Ya zauna ya ce, ɗana, ba ni labarin, wane ne wannan da aka kashe, me ya yi, wa ya bari a gida? In yaron ya iya amsawa, alhamdu lillahi. In ya ce bai lura ba, to ga inda hira za ta fara.

Masana sun yi rubutu mai yawa kan kallo a ƙasar Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bin sawun fina-finan Hausa da tasirin na Indiya, Brian Larkin kuma ya fitar da littafinsa Signal and Noise a 2008 kan silima da bidiyo a Kano. Amma birni suka fi fuskanta, mu na karkara tarihinmu yana bakin mutane. Waɗanda suka riƙe gidajen kallon nan da waɗanda suka yi fassara a cikinsu da yawa suna nan da ransu, sun yi furfura, wasu na sayar da taki a kasuwa, wasu sun zama limaman unguwa. 'Ya'yanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ke karatun aikin jarida ko na Hausa, masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala digiri, su ɗauki wayar nan tasu su je su zauna da su. Su tambaye su a wane shago suke karɓo kaset a birni da nawa, wane fim ne ya cika musu gida har aka karya danga, wanne ne aka watse aka bar su da asarar mai, da kuma wane gari ne masu kallonsa suka fi wuyar gamsarwa. Su nemi tsofaffin amaren wancan zamani su ma, ta hannun iyayensu mata, don rabin labarin yana wajensu.